Fitilar Teku da Yaƙi a Littattafan Tarihi na Yara

Hasumiyar fitilar teku gini ne mai tsawo da ake kafawa a bakin gaɓa ko a kan tsibiri, a ɗora masa fitila a ƙololuwa domin matuƙan jiragen ruwa su gane inda duwatsu suke cikin dare su kauce musu. Kafin na'ura ta karɓe aikin a ƙarni na 20, mutum ne ke tsaron wannan fitila, sau da yawa tare da matarsa da 'ya'yansa, kuma aikin ba ya ɗaukar uzuri: a hau da mai ta matakala, a datse lagwani, a goge baƙin hayaƙi daga gilashin da ke tattara haske, wanda Bafaranshe Augustin Fresnel ya ƙirƙiro aka fara amfani da shi a 1823, sannan a rubuta yanayin iska da jiragen da suka wuce a littafin aiki. Marubutan ƙagaggen labarin tarihi, wato labarin da ake ƙirƙira amma a dasa shi cikin abin da ya faru da gaske, sun daɗe suna komawa wannan gida idan za su yi wa yara bayanin yaƙi, kuma zaɓin nasu yana da hujja mai ƙarfi.

Hujjar ita ce fitila ba ta tambayar tutar jirgi kafin ta haska masa hanya, alhali kuwa yaƙi ba ya yarda da irin wannan adalci. A 1861, da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke, 'yan Kudu sun kashe fitilun gaɓarsu, har suka cire gilashin hasumiyar Cape Hatteras domin kada jiragen Arewa su amfana da shi, haka kuma a Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya ta rage hasken fitilu da dama ko ta kashe su, ba a kunnawa sai ayarin jiragenta zai wuce. Mutumin da aka horar kan cewa barin fitila ta mutu shi ne laifi mafi girma, sai ga hukuma ta umarce shi da ya bar teku cikin duhu. Yaro ɗan shekara goma yana iya fahimtar nauyin wannan umarni fiye da yadda zai fahimci taswirar fagen daga.

Karen Hesse ta yi amfani da wannan dama da kyau a littafinta A Light in the Storm na 1999, inda wata yarinya mai suna Amelia Martin ke taya mahaifinta aikin fitila a tsibirin Fenwick na jihar Delaware a shekarar 1861. Delaware jiha ce da ta halatta bauta amma ba ta bi jihohin Kudu wajen ɓallewa daga tarayya ba, don haka rabuwar kan ƙasa ta shigo har cikin ɗaki: uban yana ƙin bauta, uwar ba ta ga aibinta ba, aure yana tsinkewa a hankali yayin da yarinyar ke hawa matakala kowane dare domin karɓar zagayenta na tsaro. Abin yabo a nan shi ne marubuciyar ba ta sasanta iyayen don ta faranta wa mai karatu rai ba, kuma ba ta mayar da uwar dodanniya ba, duk da cewa ra'ayinta kuskure ne bayyananne.

Littafin Dianne Wolfer, Lighthouse Girl, na 2009, ya tsaya ne a kan mutum ta gaskiya, Fay Howe, 'yar mai tsaron fitilar tsibirin Breaksea kusa da garin Albany a yammacin Ostiraliya. Daga mashigin Albany ne ayarin farko na sojojin Ostiraliya da Niyu Zilan, kimanin 30,000, ya tashi zuwa Yaƙin Duniya na Farko ranar 1 ga Nuwamba 1914, kuma Fay, tana 'yar shekara 15, ta riƙa karɓar saƙonnin sojoji ta hanyar alamun tuta tana aika wa iyalansu ta wayar tangaraho. Da yawa daga cikin sojojin sun mutu a Galifoli ta Turkiyya a 1915.

Inda wannan nau'in rubutu ke da rauni shi ne iyakar gaskiya da ƙage. Amelia Martin ba ta taɓa rayuwa ba, amma an tsara littafin tamkar kundin da yarinya ta rubuta da hannunta, har da bayanin yadda rayuwarta ta kasance daga baya, kuma yaro ba shi da hanyar rarrabe ta da Fay Howe sai malami ko uwa ta faɗa masa. Haɗari na biyu shi ne mayar da yaƙi wasan gano sirri. Letters from the Lighthouse na Emma Carroll, na 2017, yana da saƙon sirri da 'yar'uwa da ta ɓace, abubuwan da ke jan yaro ya juya shafi, sai dai abin da ya riƙe littafin shi ne Yahudawa 'yan gudun hijira da ke neman sauka a gaɓar Devon ta Ingila a 1941, da gardamar mutanen ƙauyen kan yadda za su karɓi baƙin da teku ya kawo musu.