Gargaɗi da Wa'adin Kwana 21 daga Iyayen Yara Masu Buƙata ta Musamman

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi da Shugaban Hukumar Ilimin Bai-ɗaya na jiharmu. 

Mu iyayen kurame da makafi da guragu da yara masu lalurar galahanga mun zauna mun yi shawara, kuma wannan takarda ita ce matsayarmu. Mun rubuto a baya ba amsa. Mun zo ofis mun wuni a kan benci, daga hantsi har la'asar, ana ce mana Yallaɓai yana taro. Yanzu tura ta kai bango.

Ranku ya daɗe, ga abin da ke faruwa. Uwa za ta goyo ɗanta da shan inna ya kama, ta kai shi firamaren unguwa, hedimasta ya dube shi ya ce ba su da wurin irin wannan, a kai shi makarantar nakasassu. Makarantar kuwa tana can babban birni, kuɗin mota kaɗai ya fi ƙarfin talaka. Wanda ya daure ya kai nasa, sai ya tarar da ajin kurame a hannun malamin da bai iya maganar hannu ba, yana ta rubutu a allo ya ba yara baya. Makaho kuma ya shekara yana haddar abin da ya ji, babu allon rubutun makafi balle littafi. Masu galahanga su ko maganarsu ba a yi, suna gida a kulle. Daga baya a ga yaro a bakin danja da ƙoƙon bara, a ce iyaye ne ba su da tausayi. Wa ya rufe masa ƙofar aji?

Doka ta riga ta yi magana. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci. Dokar ta ba su ilimi kyauta har ƙarshen sakandare, ta wajabta wa makarantun gwamnati su karɓe su, kowace da aƙalla ma'aikaci guda da ya samu horon kula da su. Ta ba da shekara 5 a gyara gine-gine yadda keken guragu zai shiga, wa'adin kuwa ya cika tun Janairun 2024. A zagaya makarantunmu a ƙirga masu gangaren keke. Ban-ɗaki kam, gara mu yi shiru.

Kada kuma a ce mana babu kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma a ciki akwai kaso na ilimin yara irin namu da ake turo wa jihohi. Muna so a buga a jarida nawa ya shigo jiharmu, me aka saya, kuma yana ina. Malamai ma akwai su. Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo, da Jami'ar Bayero, da Jami'ar Jos, duk shekara suna yaye su, wasunsu na zaune ba aiki. Hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, tana tanadar wa makafi cibiyoyin jarrabawa nasu, amma yaron da aka koro daga aji ɗaya yaushe zai kai can?

Saboda haka mun ba da kwana 21 daga ranar da aka karɓi wannan takarda. Kafin su cika, a aika wa kowane hedimasta umarni a rubuce cewa korar yaro saboda nakasa laifi ne mai hukunci. A fitar da jadawalin ɗaukar malaman maganar hannu da na rubutun makafi, da ranaku, kada a ce mana "nan ba da jimawa ba". Sannan a buɗe ajin musamman a aƙalla firamare guda a kowace ƙaramar hukuma, wakilanmu kuma su zauna a kwamitin da zai sa ido.

In wa'adin ya cika shiru, washegari da safe za mu zo ƙofar ma'aikata da 'ya'yanmu, da kekunansu da sandunansu, mu yi zaman dirshan cikin lumana, mu gayyato sarakunan makafi da na guragu da na kurame da 'yan jarida. Za mu kai ƙorafi Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, lauyoyinmu kuma su shigar da ƙara. Bikin ranar nakasassu ta duniya na 3 ga Disamba, inda ake raba buhun shinkafa a ɗauki hoto, kada a sa mana kujera, ba ɗanmu ko guda da zai je.

Wassalam.

Shugaba da Sakatare, a madadin dukkan iyaye.