MOTA DA HANYA: Tsohuwar Bitil A Kan Burjin Gombe

Tambayar da za mu duba a wannan mako ta fito ne daga wani ma'abocin wannan fili da ke zaune a unguwar Pantami, cikin garin Gombe. Ya ce ya gaji wata Volkswagen Beetle, watau Bitil, daga mahaifinsa, injinta lafiya lau, amma duk ran da ya sauka daga kwalta ya hau burji sai ta riƙa jijjiga shi kamar ana tankaɗe, har iyalinsa sun fara gudun shigarta. Wani bakanike ya ba shi shawara ya sayi shokozoba mai tauri irin ta gas, ya sa faffaɗan tayoyi na zamani, kana a ɗaga bayan motar domin ta daina gogar ƙasa. Yana tambaya ko ya biya kuɗin aikin.

Amsa a taƙaice ita ce kada ya biya tukuna. Daga cikin abubuwan nan uku, biyu za su ƙara masa wahalar da yake gudu, na ukun kuwa yana iya kifar da shi da iyalinsa a kan kwana.

Da farko ya kamata a san cewa ba a ƙera Bitil don santsin kwalta kaɗai ba. Ita ce ta lashe gasar tseren motoci ta Safari a Gabashin Afirka a 1957 da kuma 1962, a kan hanyoyin da suka fi na Dukku muni nesa ba kusa ba. A nan gida kuwa, tun daga 1975 aka fara harhaɗa ta a masana'antar Volkswagen da ke Ojo a Legas, shekarar da aka fara fito da Fijo daga Kaduna, kuma shekarar da kuɗin Udoji ya shiga hannun ma'aikata. Malaman makaranta da akawuna da malaman gona da yawa sun yi ta ratsa ƙauyukan tsohuwar Jihar Bauchi da ita, ba a ji sun ce ta karya musu baya ba. Saboda haka idan yau tana duka, ba ƙirarta ce ta sāke ba, wani abu ne ya gaji a ƙarƙashinta, ko kuwa wani ya yi mata abin da bai dace ba. An daina ƙera ta a duniya baki ɗaya a watan Yuli na 2003 a ƙasar Meziko, waɗanda ke hannun mutanenmu kuwa galibi sun ba shekara 40 baya.

Wurin da za a fara dubawa ba ya cin ko kwabo, shi ne iskar taya. Injin Bitil a baya yake, don haka wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinta yana kan tayoyin baya, gabanta kuwa sakayau ne, ba kome ciki sai tankin mai da safayar taya. Shi ya sa kamfanin ya tsara mata iska kaɗan a gaba, wajen fam 18, da wajen fam 27 a baya. To amma mai faci da ya saba da Golf da Sharon ba ruwansa, 35 ko 40 zai buga wa ƙafa huɗun duka ya ce a sauka lafiya. Tayar gaba da aka cika haka ta zama dutse, kowane ɗan tsakuwa sai ya iso hannun direba ta sitiyari, motar kuma ta riƙa tsalle maimakon ta kama ƙasa. Malam, ka sayi ma'aunin iska naka na kanka, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi. Mutane da dama nan matsalarsu ke ƙarewa.

Daga nan sai maganar faffaɗar taya. Gefen taya, watau tsakanin rim da inda take taka ƙasa, shi ne katifar farko da ke tsakaninka da rami. Tayar da ta dace da Bitil, mai lamba 165/80 R15, tsawon gefenta milimita 132 ne. Mai faɗin nan da samari ke so, irin 195/50 R15, nata bai kai milimita 98 ba. Ka ga ke nan an rage katifa, an kuma sauke motar da fiye da santimita 3 zuwa ƙasa, alhali kuwa kukan mai ita shi ne tana gogar ƙasa. Banda haka ga nauyin sitiyari, domin Bitil ba ta da na'urar sauƙaƙa shi. Kuma in za a sayi taya, musamman ta hannu, a duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke jikinta: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar roba tana bushewa ta yi tauri ko da zanenta bai goge ba, zafin Gombe na watan Maris da Afrilu kuwa ba ya raga mata.

Yanzu sai mu leƙa ƙarƙashi, inda kanikawan zamani da yawa ke ruɗewa, domin sun saba ganin sifirin mai naɗi. Bitil ta asali ba ta da shi. A gaba akwai bututu biyu kwance a gicciye, ɗaya bisa ɗaya, cikin kowanne akwai damin siraran ƙarafa masu faɗi. Idan taya ta hau tudu, hannun da ke riƙe da ita sai ya murɗa damin nan, shi kuma ya yi ta ƙoƙarin warwarewa. Wannan murɗawa ita ce sifirin ɗinta. Hannayen nan huɗu suna juyawa ne cikin bututun, kuma sai da giris suke juyawa. Akwai kawuna huɗu na ɗura giris a jikin bututun, waɗanda a yawancin motocin da ke yawo yanzu laka da ƙura sun binne su, an manta ma akwai su. Ƙasar Gombe rairayi ce, in kuwa rairayi ya haɗu da busasshen giris ya zama abin wasa wuƙa, hannu ya cije, motar ta koma tamkar amalanke. A ɗaga gaban motar har tayoyi su bar ƙasa, a goge kawunan, a ɗura giris har sai sabo ya ɓullo ta gefe. A ganina, wanda ke bin burji ya riƙa yin haka duk lokacin da zai juye baƙin mai, watau kowane kilomita 5,000, kuma lalle ya maimaita bayan damina. In an yi haka aka ga gefe ɗaya ya fi ɗaya sunkuyawa, to wasu daga cikin siraran ƙarafan sun karye, sai a zare damin a sāke shi. Masu ƙirar 1302 da 1303 su kam sifirin mai naɗi ne a gabansu, wannan bayani bai shafe su ba.

Shokozoba ba ita ke ɗaukar nauyin mota ba, aikinta hana ta ci gaba da lilo bayan ta wuce rami. Ka danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki. In ta tashi ta tsaya, da sauranta, in ta yi ta rawa ko ka ga mai na tsiyaya a jikinta, ta mutu. Amma a wajen sāke ta a tuna cewa motar nan duka-duka nauyinta wajen kilo 800 ne. Ta gas mai matsi da yawa ta fi ƙarfin gaban Bitil, sai ta hana shi lanƙwasa. Ta mai, irin ta da, ita ce daidai da shi. A sāke su bibbiyu, hagu da dama, tare da robobinsu. Su ma robobin, baƙar roba mai taushi ta fi jajayen nan masu tauri da ake cewa ba sa mutuwa. Lalle suna daɗewa, amma ƙashin bayanka ne ke biyan kuɗin daɗewar. Akwai kuma wata 'yar ƙaramar shokozoba kwance a jikin ƙarfen sitiyari, wadda in ta mutu sitiyari ke karkarwa bayan an faɗa rami.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta ɗaga baya. A can ma sandar ƙarfe ce ake murɗawa, ɗaya kowane gefe, mai haƙora 40 a kan ciki da 44 a kan waje. Wannan bambanci da gangan aka yi shi, domin gwani ya iya daidaita tsayin motar kaɗan-kaɗan, ta hanyar juya ciki gaba da waje baya. In shekaru sun sa bayan ya zauna, mayar da shi tsayinsa na asali gyara ne mai kyau. Wuce nan kuwa ganganci ne. A irin Bitil da ƙafar bayanta ke lilo daga jikin giya, wadda za ka gane ta in ka ɗaga ta da jak ka ga ƙasan tayoyin ya karkato ciki, ƙarin tsayi na sa tayoyin su tsaya a karkace ko da tana ƙasa. Ranar da aka shiga kwana da gudu, ko aka kauce wa tirelar siminti daga Ashaka ba shiri, tayar waje na iya naɗewa ƙarƙashin motar, bayan ya ɗaga, ta juya ko ta kife. Bakaniken da bai san wannan ba kada a bar shi ya taɓa wurin. A nemi dattijon da ya koyi aiki a kanta tun tana yayi, akwai sauransu a garejojin Gombe da Bauchi da Jos, sai dai kullum raguwa suke yi, kuma abin takaici yaransu ba sa tambayarsu.

Wani abu da ba a cika kawowa a ka ba shi ne kujera. Abin da aka cusa cikin kujerun Bitil yana ruɓewa ya zube kamar dusa, mutum ya wayi gari a kan waya yake zaune, yana zargin shokozoba. Mai ɗinkin kujerun mota zai gyara wannan da soso mai kauri. In an ɗaga kujerar baya kuma a duba ƙarƙashin batir, domin ruwansa na cin ƙarfen daɓen motar.

Cikin gari hanyoyin Gombe sun sami gyara ƙwarai tun da ta zama babban birnin jiha a 1996, kuma shirin nan na kilomita 100 a kowace ƙaramar hukuma 11 da gwamnatin Inuwa Yahaya ta ɓullo da shi bayan 2019 ya kai kwalta wurare da dama. Amma sababbin unguwannin bayan gari, inda ruwa ke yanka kwari kowace damina, da hanyoyin gona, nan ne motar mai tambayarmu za ta yi yawancin aikinta. A irin waɗannan wurare ya riƙa tafiya da tankinsa mai lita 40 a cike gwargwadon hali, kaya masu nauyi kuma ya sa su a but ɗin gaba maimakon bayan kujera, domin ɗan nauyi a hanci na kwantar mata da tsalle. Buhun masara mai kilo 100 daga Tudun Hatsi kuwa ya ba mai Keke Napep ya kai masa gida.