Faifan kuloci da ya cinye ba ya dawowa

1/ Jama'a, mu daina yaudarar kanmu. Tsohon Jincheng ɗinka yana ihu ba ya ja, bakanike ya ce zai goge faifan kuloci da samfefa. Wai gyara kenan?

2/ Faiban da ya cinye, gogewa ƙara cinye shi take. Sai ya cusa wosha a sifirin don ya matse. Kwana kaɗan ka dawo.

3/ Faifan ƙarfe ake gogewa, in bai lanƙwashe ba. Faiba kuwa sabo ake saye, a jiƙa shi a baƙin mai kafin a ɗaura.

4/ Araha ba ta ado. Ranar da mashin ya ƙi ja a gaban tirela za ka gane.