RUWAN BUNU BA ABIN KUNYA BA NE

Duk ranar ziyara a makarantarmu, da zarar iyaye sun kama hanyar gida bayan la'asar, sai ɗakunan kwana su koma kamar kasuwa. Kowace yarinya ta buɗe akwati tana lissafin abin da aka kawo mata. 'Ya'yan masu hali a kawo musu madarar gari da Bournvita da biskit ɗin nan na ƙasar Denmark mai shuɗin gwangwani, wanda in ya ƙare iyayenmu mata ke zuba zare da allura a ciki. Mu kuwa 'yan rabbana ka wadata mu, abin da muke samu shi ne ganyen shayi, da kwalin sukari guda, da gireba a ƙulle cikin leda.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata 'yar aji ɗaya da muka fito gari ɗaya da ita. Ran nan na tarar da ita a bayan ƙofa ta ɓoye kofinta cikin hijabi tana kurɓa. Na ce, "Ƙanwata, lafiya?" Sai ta ce, "Yaya, wai an ce ruwan bunu sai 'yar matsiyata." Ga gireba mai kyau a hannunta wadda mahaifiyarta ta ɓata yini guda tana yi, amma kunya ta hana ta ci a gaban mutane, don kawai shayinta ba madara. Raina ya ɓaci ƙwarai. A nawa ra'ayin, duk ɗakin nan ita kaɗai ce ke shan shayin da ya dace da abin da ke hannunta.

Bari in faɗi dalilina. Malamarmu ta girke-girke ta koya mana yadda mutanen Sikotilan ke yin biskit ɗinsu mai bota: awo 1 na sukari, awo 2 na bota, awo 3 na fulawa. Wato rabin biskit ɗin maiƙo ne da zaƙi. Gireba ma 'yar'uwarsa ce: fulawa ce da sukari da man gyaɗa ko man shanu, a barbaɗa riɗi a gasa. Sunanta daga Larabci ya fito, kuma har yau ana yin irinta a Libiya da Masar da Sudan. Shi ya sa in ka sa ta a baki take narkewa, ta bar maiƙo a harshe da ganɗa. To, jama'a, abin da ya riga ya cika da mai da sukari, me zai yi da wani ƙarin mai da sukarin?

Shi ganyen shayi yana da wani sinadari da ake kira tanin. Shi ne ke ba shi baurin nan mai kama da na goro. Wannan bauri shi ke wanke maiƙon daga harshe, har in ka sake gutsurar gireba ka ji ta sabuwa fil kamar ba ka taɓa ta ba. Ai haka muke yi da tsire, mu haɗa shi da albasa da yaji don su yanke kitsen. Madara kuwa in ta shiga shayi sai ta kama tanin ɗin ta kashe baurin. Saboda haka wadda ta yi haɗin kauri, ta zuba madara cokali 3 da Bournvita da sukari, sa'an nan ta tsoma biskit mai tsada a ciki, ba ta ji ɗanɗanon shayin ba, ba ta ji na biskit ɗin ba. Kunu ta sha. Sau nawa muka ga rabin biskit ya karye ya nutse, ana binsa da cokali?

Ban tsaya ga maganar malama kaɗai ba. Da hutun da ya wuce ƙanwar babana ta yi aure, aka yi gara, gireba da alkaki da dubulan suka wadata a gida, sai na yi ta gwaji har Inna ta ce zan ƙarar mata da gawayi. Abin da na gano shi ne, baƙin shayi mai ɗan ƙarfi da 'yar citta da kanumfari guda biyu shi ya fi dacewa da gireba, domin ƙamshinsu na tafiya da na riɗi. Na fi son ganyen Highland da ake nomawa a Kakara, kan tsaunin Mambila ta Jihar Taraba, ko da yake Lipton ma ya yi. Biskit ɗin Denmark, wanda wata ƙawata ta sam mini guda 4, ya fi son shayi marar kayan yaji da ɗigon lemun tsami, don citta na danne ƙamshin botarsa. Na'a-na'a ba laifi. Atayen da maƙwabtanmu Buzaye ke dafawa da koren ganyen ƙasar Sin kuwa, na gwada na tuba. Zaƙinsa ya kai zuma, kuma ba a banza masu shi ke shansa da gyaɗa ko bayan cin nama ba. Alkaki ma da yake jiƙe da zuma ko sukari, shayi ba sukari sam yake so.

Na san abin da za a ce mini: ruwan bunu ɗaci gare shi. Laifin namu ne. Muna barin ganye cikin ruwa har ya yi baƙi ƙirin kamar tawada, wasu ma su matse shi da cokali don kada a yi asara. Minti 3 zuwa 5 ya isa, a tsame shi. Kuma ban ce madara haram ba ce. Direban da ya kwana kan hanya, ko ɗalibar da za ta yini a aji, in sun sami haɗin kauri da burodi da safe sun more, domin wannan maganin yunwa ne. Turawan Ingila ma suna sa madara, amma 'yar kaɗan ce da ba ta wuce ta sauya launi ba. Ni dai maganata kan shayin yamma ce da ake sha da abin maiƙo.

Akwai kuma abin da ya fi ɗanɗano muhimmanci. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da babban mutum ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato wajen ƙaramin cokali 12, in da hali ma a tsaya a 6. Na zauna na ƙirga wa wata 'yar ɗakinmu ƙwayar sukari 7 a kofi guda, ban da wanda ke cikin Bournvita da biskit. Kakata ciwon sukari gare ta, kuma na ga yadda kuɗin maganinta ke cin albashin Baba kafin wata ya raba. Ga shi kuma gwangwanin madarar da aka saya don ya kai mu zango, mako 2 ya ƙare, a fara aika wa gida saƙon an shiga wani hali. Iyayenmu masu karanta wannan mujalla sun san abin da nake nufi.

Ita kuwa ƙanwar tawa, na jawo ta daga bayan ƙofa muka zauna bakin gadona, na haɗa nawa ruwan bunun da ƙwayar sukari ɗaya muka sha a fili. Ba a jima ba wadda ta yi mata gorin ta matso tana tambaya ko girebar ta sayarwa ce. Muka ba ta guda, da sharaɗin ba za ta tsoma ba. Ta ci, ta kurɓi nawa kofin, ta yatsine fuska ta ce ita dai madararta ta fi mata. Amma ta miƙo hannu ta karɓi ta biyu.