Nagarta Ba a Baki Take Ba

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal, akwai wata magana da ta kamata mu yi ta tsakaninmu, mu da muke cin abinci a garin wasu. Kowannenmu yana da maƙwabci Kirista, ko maigidan haya, ko abokin ciniki, kuma kullum muna jin wa'azinsu ta lasifika kamar yadda suke jin namu. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san abin da addinin nan ya ce game da nagarta, da kuma inda aka taɓa gwada ta a aikace a ƙasarmu ta Arewa.

A koyarwar Kirista, nagarta ba ta tsaya ga mutum ya kame hannunsa daga sata da zalunci ba. Bulus, a cikin wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, ya lasafta ta cikin halaye tara da ake gane mai bi da su, kamar yadda ake gane itace da 'ya'yansa. A cikin Linjilar Luka kuwa akwai labarin wani matafiyi da 'yan fashi suka yi wa rotse suka yar a bakin hanya. Manyan addini biyu suka wuce shi, sai wani Basamariye, watau mutumin ƙabilar da ake ƙyama, shi ya tsaya ya ɗaure masa rauni, ya kai shi masauki, ya biya kuɗin jinya. Ma'aunin ke nan: hidima ga wanda ba naka ba ne, wanda kuma ba ka sa ran zai rama maka.

Mutanen Katagum suna da tsohon labari a kan wannan. A watan Janairu na 1824 Turawa biyu, Kyaftin Clapperton da Likita Oudney, suka iso Katagum daga Kukawa. Sarki Ɗankauwa ya sauke su, ya ciyar da su, bai tambaye su alƙiblarsu ba. Oudney yana fama da ciwon ƙirji mai tsanani, duk da haka masu neman magani suna zuwa wurinsa. Ya rasu ran 12 ga watan a Murmur, ba nisa da garin. Ba ɗan mishan ba ne, gwamnatinsa ce ta aiko shi binciken ƙasa, amma a lura da abu guda: tun a wancan karo alheri ya bi ta hanya biyu, kuma mai masauki ne ya fara.

'Yan mishan sun zo daga baya, kuma ba su sami ƙofa a buɗe ba. Ƙungiyar SIM ta fara da mutum uku a 1893, biyu suka mutu kafin shekara ta 1894 ta ƙare. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka aka daɗe ana tsare masu wa'azi daga shiga ƙasashen sarakunan Musulmi. Abin da ya buɗe musu hanya ba iya magana ba ne. Kuturta ce.

Matasan yau ba su san abin da kuturta take a wancan zamani ba. Cuta ce da ke cin yatsu da hanci a hankali, shekara da shekaru, ta raba mutum da sana'arsa, sau da yawa har da matarsa, ta bar shi da ƙoƙon bara a ƙofar kasuwa. Magani mai ƙarfi bai samu ba sai da ƙwayar dapsone ta bazu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, haɗin magunguna mai warkarwa sarai kuwa sai a farkon shekarun 1980. A ƙarshen shekarun 1930 aka danƙa wa SIM zangunan kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Waɗanda suka karɓi aikin sun san ba su da maganin kirki a hannu. Abin da suke da shi shi ne su wanke gyambo kowace safiya, su naɗe shi, gobe su sake. Wanda ya taɓa jin warin gyambon da ya kwana uku ya san wannan ba aikin neman suna ba ne. Kuma kada a ɗauka Turawa kaɗai suka yi shi: yawancin masu wankin da disfensoshi 'yan ƙasa ne, wasunsu ma tsofaffin majinyata, waɗanda ba a rubuta sunayensu a jikin kowane gini ba.

Haka nan asibitin ido da Likita Hursh ya buɗe a Kano a 1943, wanda yanzu yake hannun ECWA. Daga Azare, ta Jama'are da Wudil, an sha ɗaukar tsoho mai yanar ido a kai shi can ana ja masa sanda, ya komo gida yana tafiya da ƙafarsa. A Jamhuriyar Nijar akwai asibitin Galmi tun 1950. A Wusasa ta Zariya kuwa, inda mishan ɗin Likita Miller ya koma a 1929, aka yi renon Likita R. A. B. Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita.

To, amma fa ba za mu ɓoye ɗaya gefen ba. 'Yan mishan sun zo ne da niyyar juya mutane, ba su kuwa taɓa musun haka ba. An yi ta samun saɓani da sarakuna da iyaye a kan yaran da ke zangunan kutare, kuma iyayenmu da suka yi ɗari-ɗari ba wauta suka yi ba. Maganin da aka ɗaura wa sharaɗi ya zama ciniki, ko a coci aka ba da shi ko a masallaci. Sai dai ga abin da tarihi ya nuna: dubban Musulmi sun shiga asibitocin nan sun fito da addininsu da lafiyarsu, ba a ce sai sun tuba kafin a duba su ba. Wa'azin bai yi nisa a ƙasar Hausa ba. Hidimar ce ta zauna a bakin mutane, har ila yau tsofaffi suna ambaton asibitin mishan da girmamawa.

Shi ya sa nake ganin wasu majami'un zamani, masu manyan gine-gine a bakin hanyar Ikko zuwa Badun, suna da tambayar da za su amsa. Makarantar da ɗan talakan cocin ba zai iya biyan kuɗinta ba, da asibitin da ake tambayar kuɗin ajiya kafin a taɓa mai naƙuda, ba su yi kama da gadon masu wankin gyambo ba.

Mu ma akwai tamu. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an kashe matasa goma masu yi wa ƙasa hidima a Jihar Bauchi, wasunsu a Giyaɗe, nan kusa da Azare. Baƙi ne, akasarinsu Kiristoci, an turo su koyar da 'ya'yanmu da aikin zaɓe. A ƙasar da Ɗankauwa ya sauki baƙo aka yi wannan. Ku da kuka ga Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da kasuwar Shasha a 2021, kun fi kowa sanin yadda baƙo yake ji ran da gari ya juya masa baya, kun kuma san cewa da yawa sun tsira ne domin wani maƙwabci, wanda ba addininsu ɗaya ba, ya buɗe ƙofa ya ce su shigo.

Malamar asibiti Kirista da ke kwana a kan majinyata a Azare, da malamin makaranta Basayi ko Ibo da ke koyarwa a Gamawa ko Shira, matsayinsu can shi ne matsayinku nan. Idan za ku aika gida da kuɗin Salla, ku haɗa da saƙo ga ƙannenku da sarakunan unguwa cewa mutanen nan amana ce a hannunsu. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabo ta Badun su ma suna da bakin da za su faɗa a ji a fadar Katagum.