IDAN MAI GADI NE YA HUDA BUHUN, WA ZA A KAI WA ƘARA?

Jiya da yamma bayan na taso daga ofis, wani maƙwabcina mai harkar riɗi a kasuwar Dawanau ya miƙo min wayarsa, wai tana zafi, data kuma ba ta kwana. Ina dubawa sai ga manhajar antibairos har guda uku, wani yaro mai tura manhajoji ya zuba masa, wai don tsaro. Biyu daga ciki sun karɓi izinin ganin lambobin mutanensa da saƙonninsa, saƙonnin da alat na banki da lambar sirri ke shigowa ta cikinsu. Na ce Alhaji wa ya ba su wannan izini? Ya ce shi dai an ce ya danna, ya danna.

Kada wani ya ce ai ƙananan manhajojin banza ne ke wannan hali. Manyan ma sun yi.

A watan Janairun 2020 aka bankaɗo cewa Avast, kamfanin da miliyoyin mutane suka ɗora wa kwamfutocinsu kyauta, yana tattara bayanan shafukan da masu amfani da shi ke shiga a intanet, yana sayarwa ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. Da asiri ya tonu suka rufe reshen. A 2024 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta ci su tarar dala miliyan 16.5, ta ce tun 2014 ake wannan ciniki da kamfanoni sama da 100. Abin haushin, manhajar tana yi wa mutane alƙawarin kare su daga masu bibiya ne. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Sai Norton. A 2021 suka cusa wa Norton 360 wani sashe mai haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da ƙarfin kwamfutarka da wutarka, su kuma su yanki kashi 15 cikin ɗari. Masu kare su na cewa ai sun sanar, kuma ba ya aiki sai ka kunna. Haka ne, ban musa ba. To amma tambayata: na ɗauki mai gadin sito, sai na tarar ya shigo da injin niƙa ya ajiye a lungu, yana jiran ranar da zan ce to. Gadi na ɗauke shi ko niƙa? Yau ma Avast da Norton ɗin gida ɗaya suke, tun haɗewarsu a 2022.

Mu a nan ai mun san wannan hali tun kafin zuwan waya. Mudun da aka bubbuge wa gindi, buhun da aka sa tsabar kirki a baki, ƙasa kuwa tsakuwa da ƙaiƙayi. Sunansa algus. Ba wanda zai yarda ɗan kasuwa ya kare kansa da cewa ai da ka zazzage buhun da ka gani. To me ya sa muke yarda kamfani ya ce ai yana rubuce a shafi na arba'in na yarjejeniya, da Turancin lauyoyi, wanda ni mai digiri ma sai na karanta sau uku? Wannan ba neman izini ba ne, wayo ne.

Kuma ku lura, antibairos ba kamar sauran manhajoji ba ce. Don ta yi aikinta sai ka ba ta makullin kowane ɗaki. Shi ya sa amanar da ke kanta ta fi nauyi, cin amanarta kuma ya fi muni.

Tun Yunin 2023 muna da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC da aka ɗora wa aikin. Ina kira gare ta: duk manhajar da ke neman izini a wayar ɗan Najeriya, a tilasta mata ta faɗi abin da za ta ɗauka da wanda za ta ba wa, a layi biyar, har da Hausa.

Kafin nan kuma, mu taimaki kanmu. Shiga saitin wayarka yau, duba izinin kowace manhaja. Wadda ba ruwanta da saƙonni amma ta riƙe su, ƙwace. Wadda ba ka san yadda ta shigo ba, goge. Android na da Play Protect, Windows na da Defender, sun zo da su, ba sai ka tara masu gadi uku ba. Ku kuma matasa masu tura manhajoji, ku ji tsoron Allah, jarin bawan Allah ne a cikin wayar nan.

Idan ka ga an ce kyauta, tambayi wa ke biya. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Allah Ya sa mu gane.