Kwat ko Kaftani: Tufar Mai Neman Aiki a Jos

Duk matashin da ya sami takardar gayyata zuwa ganawar ɗaukar aiki a garin Jos, kafin ya fara tunanin tambayoyin da za a yi masa, sai ya fara da tunanin abin da zai sa. Wannan damuwa ba ta banza ba ce, kuma bai kamata masu kamfanoni su bar wa matasa ita su kaɗai ba.

Kwat ta daɗe da zama a Jos. Tun zamanin kamfanonin haƙar kuza na Turawa, irin su ATMN na Bukuru, akawu da kayan Bature aka san shi, lebura kuwa da gajeren wando. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, amma al'adar ta tsira a bankuna da ofisoshi. Yanayin garin ma ya taimaka mata, domin Jos na bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, inda mutum zai wuni cikin kwat bai jiƙe da gumi ba, abin da ba ya yiwuwa a Sakkwato a watan Afirilu.

To, amma me kwat ɗin ke gaya wa mai ɗaukar aiki? Masanin tattalin arziki Michael Spence na Amurka, wanda ya sami lambar Nobel a 2001, ya yi bayani tun 1973 cewa mai ɗaukar aiki ba ya iya ganin ƙwazon mutum da ido, saboda haka yakan dogara da alamu. Sai dai alama ba ta da amfani sai idan ta fi sauƙin samuwa ga gwani fiye da rago. Takardar digiri ta Jami'ar Jos tana iya cika wannan sharaɗi, tun da sai an sha wuya ake samunta. Kwat kuwa ba ta cika shi ba. Wanda ke da 'yan kuɗi zai shiga kasuwar Katako ya zaɓi ta gwanjo, ya kai wa tela ya rage, wanda ba shi da su ya ara wurin aboki. Abin da take nunawa shi ne aljihun mutum ko na abokinsa, ba iya lissafinsa ba. Tun kuwa da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, dilar gwanjo ma ta daina zama rufin asirin talaka.

Akwai kuma wani lamari da ya fi wannan nauyi. A garin da ya ga rikicin watan Satumban 2001 da waɗanda suka biyo baya, har unguwanni suka rabu bisa addini, tufa takan riga mutum magana. Kaftani da hula, ko hijabi, ko rashinsu, suna iya sa a yanke wa mutum hukunci tun bai zauna ba. Wasu matasa kan sauya shigarsu ta yau da kullum don kada a gane daga ina suka fito. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati nuna bambanci saboda ƙabila ko addini, kuma ƙasar nan ta ga yadda aka hana Firdaus Amasa shiga bikin rantsar da lauyoyi a watan Disamban 2017 saboda hijabi, kafin a rantsar da ita da hijabinta a 2018. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar kotu ta tuna masa. Idan ya sallami akanta mai kyau saboda hularsa, ko saboda rashinta, a littafin cinikinsa asarar za ta fito.

Ba ana cewa tufa ba ta da muhimmanci ba ne. Riga wankakkiya, gogaggiya, takalmi mai tsabta, da shigar da ta dace da aikin, suna nuna mutum ya ɗauki ranar da daraja, kuma wannan ba ya cin kuɗi mai yawa. Mai neman aikin kula da injin a masana'anta irin ta NASCO, idan ya zo da babbar riga mai jan ƙasa, ya nuna bai san inda za shi ba. Mai neman aikin karɓar kuɗi a banki a titin Ahmadu Bello kuma ba zai zo da rigar ƙwallo ba.

Gyaran yana hannun masu kamfanoni, kuma layi ɗaya ne a takardar gayyata: a rubuta cewa ana maraba da kayan gida ko na Turawa, muddin suna da tsabta, idan kuma aikin na da tufar dole saboda kariya daga haɗari, a faɗe ta a fili tare da dalili. Hukumar horas da ma'aikata ta ITF, wadda aka kafa a 1971 kuma hedkwatarta ke nan Jos, tana da damar sa wannan cikin kwasa-kwasan da take shirya wa jami'an ɗaukar ma'aikata, haka nan ƙungiyar 'yan kasuwa ta Jihar Filato tana iya roƙon mambobinta su fara da gayyatar da za su aika nan gaba.